Wasiƙa Zuwa ga Hantar da Yaya Ya Tafi da Ita Kurmi

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya san ba za a amsa masa ba.

Ke nake rubuta wa, ba wadda ke cikin Yaya yau ba. Waccan tana nan tana aiki, muna kuma gode wa Allah a kanta safe da yamma, amma ita daban ke daban. Ke ce wadda ya hau mota da ita daga Tebaram bayan girbin 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, yana saurayi gashin baki bai gama tsirowa ba, da tabarma da buta da kwatancen gidan wani ɗan garinmu a Abijan. Inna ta ƙulla masa gari da ƙuli, Baba ya ja masa kunne a kan salla da dukiyar mutane. Ba wanda ya lissafa ki cikin guzuri. A wurinmu hanta ta ragon layya ce, ita ake fara gasawa a miƙa wa maigida. Ta mutum kuwa ba a tuna ta sai tsoro ya kama shi, a ce ta kaɗa.

Sai da kika tafi na nemi sanin ko ke wace ce. Kina kwance ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinki wajen kilo ɗaya da rabi, duk kayan ciki ba wanda ya kai ki girma. Kowane minti jini kusan lita ɗaya da rabi ke ratsa ki, mafi yawansa daga hanji ya taso, ɗauke da duk abin da baki ya haɗiye. Ke ke tace shi. Ke ke ajiye sukari ki riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai azumi ke kai la'asar bai faɗi ba. Ke ke haɗa ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama ya narkar da maiƙo. Sinadarin da ke sa jini ya tsaya in mutum ya yanke daga wajenki yake, haka ma wanda ke riƙe ruwa cikin jijiya kada ya tsiyaye ya cika ciki da ƙafafu. Duk da haka ba ki da bakin kuka. Haƙori ɗaya in ya ruɓe sai ya hana gida barci. Ke kuwa kina iya lalacewa fiye da rabi, mai ke yana majalisa yana ƙyaƙyata dariya, don namanki ba ya jin zafi, sai dai fatar da ta lulluɓe ki in kumburi ya ja ta. Na daɗe ina jin haushin wannan haƙurin naki.

Mutanen Adar ba baƙin hanya ba ne. Ƙasarmu duwatsu ce, damina ɗaya gajeruwa, da gero ya shiga rumbu maza sai su watsu biɗa: wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kamaru da Gabon, da yawa kuma Kodibuwa. Duk wanda ya san Abijan ya san garba, acake da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono, abincin lebura da ɗan makaranta, ya kuma san ƴan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Nan Yaya ya samu gindin zama, a wata rumfa a Abobo, da fari yaron wani, daga baya mai cin gashin kansa. Rumfar tana jingine da mashaya, irin wadda can suke kira maki. Mutum ya tsaya tun asuba gaban mai mai tafasa, dare ya yi ƙafa ta kumbura baya ya riƙe, ga maƙwabci mai fara'a yana cewa kurɓi kaɗan ka samu barci. Da giyar kwalba aka soma. Da aljihu ya ji jiki aka koma kutuku, barasar da ake dafawa daga bammi a bayan gari, wadda ko mai sayar da ita bai san iyakar ƙarfinta ba. Daga baya ƴan ledojin barasa suka cika gari, kuma su ne suka fi dacewa da mashayi Musulmi: babu kwalbar da ɗan gari zai gani, babu zama a mashaya, a ciza gefen leda a bayan rumfa a zuƙe a tauna goro. Gwamnatin Kodibuwa ta hana su a 2016, lokacin aikin gama ya gama.

Ga abin da yake faruwa a wajenki kowane dare. Barasa ba ta jira a tumbi, cikin mintoci take shiga jini, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nata ke ce mai rushe shi. Ba ki da gaggawa. Abin da kike gamawa a awa guda bai wuce na ƙaramar kwalbar giya ɗaya ba, saura sai ya yi ta zagaye yana jiran layi. Kafin ki mayar da ita ruwa da iska kuma dole ki bi da ita ta wani mataki inda take zama asitaldehaid, dafin da ya fi ta illa, wanda ke kashe ƙwayoyin halittarki, yana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Kina can kin shagala da wannan, kitsen da ya kamata ki ƙona sai ya taru a jikinki. Likitoci sun ce wajen 9 cikin 10 na masu sha da yawa hantarsu na yin wannan kitsen. Bayansa sai kumburi. Akwai wasu ƙwayoyi a jikinki masu siffar tauraro, aikinsu a zaman lafiya ajiyar bitamin A, amma in rauni ya yawaita sai su bar ajiya su koma yin tabo. Tabo ɗaya ba komai ba ne. Rauni kullum, tabo kullum, shekara da shekaru, shi ne ke kewaye lafiyayyen nama ya raba shi ƙulli-ƙulli, ki taurare ki ƙanƙance, jini ya rasa hanyar wucewa. Wannan shi ne siroz, sunan da wani likitan Faransa, René Laennec, ya raɗa masa a 1819. Cikin masu sha da yawa 1 ko 2 ne kawai cikin 10 ke kaiwa nan, kuma ba a zaɓe da adalci. Akwai wanda suka fara tare da Yaya, ya fi shi sha nesa ba kusa ba, har yau yana can da jajayen idanu da hantarsa sumul.

Mu a gida abin da muka gani kuɗi ne suka ragu, sannan suka yanke. Masu dawowa in an tambaye su sai su sunkuyar da kai su ce yana nan lafiya, yana gaishe ku. Wanda ya fi kowa ƙarfin hali ya ce wa Baba, Kurmi ta riƙe shi. A tsakanin samari kuma ana cewa yana ɗan taɓawa. Da rikicin zaɓen can ya koro mutane a 2011 ya zo ya yi ƴan watanni, kullum cikin turare da goro, kullum yana da uzurin zuwa Tawa. Inna ta ga hannunsa na rawa da safe in ya ɗauki ludayi, ta ce sanyi ne ya kama shi a bakin teku. Na tabbata ta sani. A gidajenmu sanin abu daban, yarda a ambace shi daban.

Zuwansa na ƙarshe ƴan garinmu na Abijan ne suka yi karo-karo suka sako shi mota, ta Wagadugu da Yamai da Tawa. Da aka sauke shi ido ya yi rawaya, ciki ya yi gaba, hannuwa da cinyoyi sun zube. Masu zuwa gaisuwa suka kasu biyu, masu cewa shawara da masu cewa sammu.

Ina so ki san cewa ba jarumtaka ce ta fara raba shi da barasa ba. Rashin samu ne. Abin da ya ɓoyo a jaka ya ƙare a hanya, a Tebaram kuwa babu inda zai aika yaro gari bai ji ba. Washegari sai rawar jiki da gumi da amai. Bayan nan ya faɗi yana fizge-fizge har ya ciji harshe. Sannan abin da ya fi tayar mana da hankali ya zo: ya fara ganin macizai suna saukowa daga rufin ɗaki, yana kakkaɓe kunamun da ba kowa ke ganinsu ba, yana faɗa da mutanen Abobo cikin Julanci da Faransanci. Aka ce iskoki. Aka kira malam ya yi ruƙiyya, wata gwaggonmu ta matsa a nemi ƴan bori a ɓoye. Da muka kai shi wajen majo, ma'aikacin lafiyar garinmu, mutumin ya dube shi, ya dubi cikin, ya fitar da kowa sai ni da matarsa, ya rage murya ya ce, "Yaushe rabonsa da sha?" Tambayar da gida ya yi shekaru yana kewaye wa ke nan. Matar ta ba shi amsa ba ta ɗago kai ba. A ranar ya rubuta takarda aka wuce da shi Tawa.

Zan daɗe a nan, don nan ne mutane ke mutuwa ba a san abin da ya kashe su ba. Barasa danne ƙwaƙwalwa take yi. Ƙwaƙwalwar da aka yi shekaru ana dannewa sai ta ƙara wa kanta ƙarfi don ta iya aiki, ranar da aka ɗauke dannin gaba ɗaya kuma ƙarfin ya rasa abin da zai tare shi. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe rawar jiki ke somawa. Cikin kwana biyun farko fizge-fizge na iya zuwa. Daga kwana 2 zuwa 4 ne ruɗewar nan mai gane-gane ke kamawa, da zazzaɓi da bugun zuciya, kuma tana kisa in ba a kula ba. Maganinta ba mai tsada ba ne: diyazefam da ake bayarwa a ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya ana ragewa a hankali, da ƙarin ruwa, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Mai wa'azin da ke cewa ka bari yau, kada ka jira gobe, gaskiya ya faɗa. Abin da nake roƙonsa ya ƙara kalma ɗaya: wanda ya yi shekaru yana sha kullum, ya bari a asibiti. Ba fatawa nake bayarwa ba, haramcin giya ba mai ja da shi. Amma ɗalibi ma ya san hukuncin a hankali ya sauka, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida ta rufe ƙofa, ga mutanen da giya ta zame musu jiki.

To, ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Lokotoron da ya duba shi a Tawa bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce, "Ba ni da ƙwayar da ke gyara hanta. Abin da nake da shi na rage ruwan ciki ne da tsare shi daga abin da zai biyo baya. In ɗigo bai sake shiga ba, sauran aikin ita za ta yi." Na ɗauka lallashi ne. Ashe cikin kayan cikin ɗan Adam babu mai sake gina kansa irinki. A 1931 wasu masu bincike biyu a Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, kafin mako biyu abin da ya rage ya girma ya mayar da nauyin da aka cire. A yau ɗa na ba mahaifinsa fiye da rabin hantarsa a dasa masa, cikin ƴan watanni tasa ta kusa cikewa. Wanda bai wuce matakin kitse ba, in ya bari, makonni 2 zuwa 6 sun isa kitsen ya narke, hanta ta koma yadda take. Da Yaya ya tsaya a nan, da ke ce za ki dawo da kanki.

Nasa ya ɗauki lokaci, kuma bai zo a jere ba. Takardar gwajin jini ce ta fara kawo albishir: wani adadi da suke kira gama-GT, wanda ya yi sama ƙwarai, ya riƙa raguwa da rabi duk bayan mako biyu ko uku. Ido kuwa ya yi watanni kafin ya washe, har masu sammu suka fara cewa ai mun faɗa. Ruwan ciki sai da aka zuƙe shi da allura, aka ɗora shi kan ƙwayar fitsari, aka hana shi gishiri. Wata rana ya ce yana marmarin kwabto, Inna ta aika aka tsinko zogale tana share ido da gefen zane. Nama ya fara komawa kafaɗa. Bayan shekara ta zagayo cikin ya sauka bai sake tasowa ba, lokotoro ya rage ƙwayoyin. Barci ne ya zo ƙarshe. Ya daɗe yana kwana zaune a tsakar gida, kuma ya ce da ni a dararen nan ne ya fi jin kiran abin, ba lokacin ciwo ba. Yanzu yana noma, ba kamar da ba, amma yana kai kunya ƙarshe.

Sai dai hoton ciki ba ya kara. Gefen hantar da ya kamata ya zama santsi ya yi gurgunje, ɓangaren dama ya ƙanƙance, saifa ta girma saboda jinin da ke komawa baya. Tabo in sabo ne jiki na iya cinye wani abu daga cikinsa in aka daina rauni. Wanda ya tsufa ya kewaye nama ya canja hanyoyin jini, wannan ya zauna.

Ɗan Adar ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don da idonmu muka gani a ƙasa. Bayan farin 1984 aka soma aikin Keita da taimakon Italiya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana jera su don tare ruwa. A wajen Illela da Badagishiri manoma suka shiga haƙa tassa a kan fako, su zuba taki, su jira ruwa. Ƙasar da aka fid da rai da ita ta ba da gero, har fako ya yi kuɗi. Amma kowane manomi ya san iyakar abin: inda ruwa ya riga ya kwashe ƙasa dutse ya fito, ko ka haƙa sai dai ka karya dagi. Ya kuma san gonar da aka farfaɗo ba ta yafe sakaci. Hantar Yaya ta yau irin wannan gona ce. Ke ce ƙasar da ruwa ya tafi da ita.

Kada ki ɗauka wannan ya sa barin shan ya zama aikin banza. A Sawuthamton ta Ingila likitoci sun bi sawun mutum 100 masu siroz na barasa, suka fitar da sakamako a 2009: bayan shekara 7, cikin waɗanda suka bari kashi 72 cikin 100 na raye, cikin waɗanda suka ci gaba kashi 44. Abin da ya fi ba ni mamaki, munin tabon da aka gani a naman bai nuna wanda zai rayu ba kamar yadda barin shan ya nuna. Don haka ba na son jin ana cewa da mai kumburin ciki ai ya riga ya makara, a bar shi ya ƙarasa. Makara taki ce, ba tasa ba.

Rashinki yana da haraji, muna kuma biya. Duk wata shida sai an je Tawa a yi hoton ciki da gwajin jini, don hanta mai tabo ta fi saurin tsirar da ciwon daji ko da an bar sha, kuma in an gan shi yana ƙarami ne ake da abin yi. Jinin da ya kasa ratsa hantar yana neman hanya ta jijiyoyin maƙogwaro, su kumbura, wata rana ɗaya na iya fashewa. An gaya mana aman jini ko baƙin bayan gida ba abin jiran safiya ba ne. Akwai dashen hanta, tun 1963 Thomas Starzl ya fara gwada shi a Denba, masu hali na zuwa Indiya ko Turkiyya. Mu ko mun sayar da gona da garke ba mu kai ƙofar ba, don haka ba ma zancensa.

Abin da ban zata ba shi ne yaƙin da za mu yi da masu ƙaunarsa. Kowa ya zo gaisuwa da maganinsa a hannu: wannan saiwa, wancan sassaƙe, wani jiƙo a gora, duk na shawara, duk an gwada a kan wani ya warke. Wasu lallai sun warke, don akwai shawarar da ke tafiya da kanta ko an sha ko ba a sha ba. Amma duk abin da aka haɗiye wajen hanta zai je, kuma wadda ke numfashi da ƙyar ba a ɗora mata ɗacin da ba wanda ya auna. Mayar da gorar tsohuwa ba tare da an ɓata mata rai ba ya fi sayen magani wuya. Ga kuma dokokin gargajiya: mai shawara ba ya cin nama, ba ƙwai, ba nono, sai kunu tsararo. Lokotoro ya ce akasin haka. Mai siroz jikinsa cin naman kansa yake yi in ya kwana da yunwa, don hantar ba ta da ajiyar sukarin da za ta kai shi asuba. Ya ce wake, ƙwai, kifi, nama daidai hali, kuma kada ya kwanta sai ya sha hura da nono. Abin da zai guda shi ne gishiri da kanwa da ɗunƙulen miya. Matarsa ta koma ɗora tukunya biyu. Azumin farko an hana shi, malam ya ce ai Allah ya riga ya ba mara lafiya rangwame.

Sai magungunan kan tire da ake yawo da su ranar kasuwa. Farasitamol, wanda kowa ke ɗauka ruwan sha, an ce kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 masu 500. Na ciwon gaɓɓai irin su diklofenak da ibuforofen an hana shi sam, don suna taɓa ƙoda suna jawo zubar jini. Taramol kuwa, wanda samarinmu ke haɗiya kafin su shiga gona, wannan wata wasiƙa ce daban. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ma an ce a zubar, suna ɗauke da aflatoksin, dafin da ke haɗa kai da ciwon hanta nau'in B ya haifar da daji. Wannan nau'in B ɗin shi ne babban mai cin hantar mutanenmu, ya fi barasa nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 65 na ɗauke da shi a yankinta na Afirka, mafi yawansu tun suna jarirai suka samu, ba su sani ba. An gwada Yaya ba shi da shi, wataƙila shi ya sa yake raye. Wani abokin zamansa ɗan wajen Takanamat da ya haɗa biyun bai kai arba'in ba. Ina faɗin wannan don kada a mayar da duk mai ciwon hanta mashayi. Malamai da tsofaffin mata da ba su taɓa jin warin giya ba suna kwanciya da ciwon nan.

A lissafin duniya Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin shan barasa, muna kuma alfahari da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga ciki maza, sai mu ce wannan na can ne. Amma matsakaicin lissafi raba kwalbar mutum ɗaya yake yi ga mutum ɗari da ba su taɓa ganinta ba. Shi wannan ɗayan yana nan, yawanci ɗan cin rani ne ko direba ko ma'aikacin da aka kai nesa da gida, kuma shansa ya fi na wasu ƙasashe haɗari, don a ɓoye yake yi, da sauri, mai ƙarfi, mai arha, sau da yawa ciki ba komai. In ya kwanta ba zai gaya wa likita ba, danginsa ma ba za su faɗa ba. Kunyarmu tana tsare dubbai daga fara sha, ban raina ta ba. Amma wanda ya riga ya faɗa, ita ce ke rufe shi a ɗaki har ya kumbura. A Amurka tun 1935 wasu mashaya biyu a garin Akron suka gano cewa mai son bari ya fi jin maganar wanda ya taɓa sha, daga nan ƙungiyarsu ta bazu duniya. A garinmu wa zai taru a ce taron tsofaffin mashaya ne? Abin da Yaya ya samu shi ne wani dattijo da ya yi zamani a unguwar Tireshbil ta Abijan ya bar abin tun tuni. Bayan isha'i sukan zauna su biyu da butar shayi. Ban san me suke cewa ba, ban kuma taɓa zama ba. Hadisi ya zo da labarin sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddin giya, wani ya tsine masa, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ban cika jin ana karanta wannan a huɗubar da ake zagin mashaya ba.

Ba ke kaɗai kika tafi ba, kin sani. Baba ya rasu yana tambayar ko an samu labarinsa. Ɗiyarsa ta fari ni na karɓi sadakinta. Matarsa ta shiga gidan da ƙuruciya, ta tsufa tana jiran mota. Waɗannan ba su da adadi a takardar gwaji, ba na kuma sa ran su sake tsirowa.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Geron bana ba zai kai mu damina ba, ga bashin magani, Yaya kuma ya fara zancen komawa Abijan. Ya ce rumfar na nan hannun wani yaronsa, ya ce yanzu ya san kansa. Ni na ce rumfar na jingine da maki har gobe. Mun kai maganar gaban lokotoro, ya ƙi shiga tsakani. Abin da ya ce kawai, ga hanta irin wannan babu kaɗan, babu na ranar biki, kuma wanda ya koma sha bayan dogon hutu yakan koma da ƙarfin da ya fi na da. Babban ɗansa ya ce shi zai tafi a madadinsa. An haife shi kafin 2008, shekarar da rigakafin nau'in B ya shiga allurar jarirai a Nijar, don haka Yaya ya kai shi Tawa aka gwada shi, aka fara masa allurar, saura biyu. Ya ce yaron ba zai hau mota ba sai an gama, kuma kafin nan shi da bakinsa zai gaya masa abin da ke bayan rumfar. Inna ta ce ba a yi wa ɗa irin wannan magana. Har yanzu ba su daidaita ba.

Wassalam.

Daga ƙanensa,
Tebaram, jihar Tawa.